Sunan Ɗan Fari a Bakin Uwa

Iya Kande ba ta ba da tatsuniya kyauta. Duk yaron da ya tashi a gidanmu na Mahuta ya san wannan. In an kawo masara gida lokacin girbi, ana gama cin tuwo za ta sa a zube mana tuli guda a ƙofar ɗakinta, ta ce, "Mai son ji da kunne ya biya da hannu." Sai mu kewaye tulin mu yi ta murje ƙwaya daga jikin totuwa har babban yatsa ya yi bororo. Totuwar da muka gama da ita take jefawa cikin wuta ɗaya bayan ɗaya, hayaƙin ya kori sauro, mu kuma ya sa mu hawaye. In ta ga hannun wani ya tsaya, ita ma sai bakinta ya tsaya, ko da kuwa kura ta hangame baki za ta cafke mutum a cikin labarin. Haka za mu yi ta zungurin malalacin har ya ci gaba da aiki.

Kakata ce ta wajen uba. Gajeriya ce mai wushirya, kuma ba ta raga wa kowa. Ni, Hamisu, mijinta take kira na, wai kuma mijin banza wanda bai taɓa sayo mata ko ɓarin goro ba. Amma bakin nan nata da ba ya shakkar mai gari, akwai kalma ɗaya da ban taɓa jin ta fito daga cikinsa ba, wato sunan mahaifina. Shi ne ɗanta na fari. Asalinmu Fulani ne da suka daɗe da ajiye sanda suka ɗauki fartanya. Fillancin ya tafi tun zamanin kakanni, amma kunyar ɗan fari ta zauna daram. In tana nemansa sai ta ce, "Ku ce da wancan ana kira." In ya shigo gaishe ta, sai ta kau da fuska ta amsa a gajarce. In an yanka kaza kuma, cinya za ta ɓoye ƙarƙashin faifai, ta miƙo mini ta ce in kai can. Ba ta cewa wa zan kai wa, ni ma ba na tambaya.

Yadda take buɗe tatsuniya ma nata daban ne. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "A shimfiɗa mata!" Ta ba mu da yawa, na manta fiye da rabi. Wadda ta maƙale mini ita ce wadda na fi tsana.

Wai a wani gari da ke gindin dutse, yara suka tafi kiwon awaki. Hadari ya haɗu, ruwa ya kece da ƙanƙara, babu wurin fakewa. Dutsen ya ji tausayinsu ya buɗe cikinsa suka shige. Da ruwa ya ɗauke sai ya ƙi buɗewa, don tun da aka halicce shi bai taɓa jin ɗumin mutum da surutun yara a cikinsa ba, abin ya yi masa daɗi. Awaki suka koma gida su kaɗai. Mata suka fito da kuka, kowace hannu a ka. Dutse ya ce, "Ni ba azzalumi ba ne. Kowace uwa ta kira ɗanta da sunansa na yanka, in ba ta abinta. Amma ku yi kafin rana ta faɗi, don ni in na yi barci ba na tashi."

Nan ne wurin daɗin. Iya sai ta ɗaga murya ta dinga kiran sunayenmu, mu da ke zaune gaban wutar. "Ladi!" Ƙanwata ta yi tsalle ta ce na'am, ta fito daga dutse. "Sani!" "Hamisu, mijin banza!" Kowa ya amsa yana dariya, har a gama da mu kaf. Sa'an nan muryarta ta sauka.

Saura mace ɗaya. Ɗanta ɗaya tak, kuma shi ne na fari. Ta matso ta ce, "Kai, fito." Dutse ya ce kowane yaro kai ne. Ta ce, "Mai jar akuya." Dutse ya ce ai jar akuya tana gida. Maƙwabta suka yi ta ƙwala sunan yaron, dutse ya ce ba su suka haife shi ba. Matar ta dubi jama'a, ga surukinta, ga dattawan gari, kowa ya zuba mata ido. Ta roƙi a juya mata baya a toshe kunne, aka yi. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tana cikin haka rana ta faɗi.

"Baƙuwa ta naɗe tabarmarta," in ji Iya, ta jefa totuwa a wuta.

Ladi kuka take yi duk ranar da aka ba da wannan. Ni kuwa tun ina yaro gajen haƙuri gare ni, sai in yi jifa da masarar hannuna in ce, "Wallahi wawuya ce! Suna fa kawai! Ta faɗa mana!"

Iya ta dube ni ta gefen ido. "Kai mijin banza, ka taɓa haihuwa?"

"To yaron fa?"

"Yana ciki yana saurare."

"Ita kuma ta koma gida?"

"Ta je gida ta yi me?" Sai ta tura mini wata masarar da ƙafa. "Abin da ya fi maka tsada ba ka yawo da shi a baki. Murje, hannunka ya tsaya."

Iya ta rasu ina makarantar koyon aikin gona. Na gama, na zama malamin gona, na yi shekaru ina bin manoman auduga a kan babur daga Funtua zuwa Dandume da ƙauyukan tsakani. Na yi aure, na haihu. 'Yata ta fari kuwa da sunanta nake ƙwala mata kira a tsakiyar layi, uwarta ma haka, babu wanda ya mutu. Na ɗauka wancan zance an binne shi tare da tsofaffi.

Sai wata shekara aka tura mu, mu kaɗan, ƙasar Sudan don mu ga yadda suke noman auduga da ruwan rani. Ban taɓa fita waje ba sai wannan karon. Aka sauke mu a Wad Madani, kuma tun ranar farko na gane cewa mutum in ya bar garinsu jariri yake komawa. Larabcin da nake taƙama da shi na makarantar allo ne, na salla da addu'a. Da na nemi ruwan sha da shi, direbanmu Awad, ɗan garin, ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce da tafintanmu wai ina magana kamar liman a kan mumbari. Amma mutanen kirki ne, ba zan ɓoye ba. Ba ka wuce mutum yana cin abinci. Sau nawa Awad ya tsayar da mota don wasu da bai ma san su ba sun ɗaga hannu, aka jawo mu muka tsuguna gaban kwano ɗaya na dafaffen wake da man riɗi, muna ci muna gyaɗa wa juna kai don babu harshen da ya haɗa mu.

A gidan gurzar audugar da muke zuwa akwai wani Ba'indiye mai gyaran injuna. Da shi nake samun hira, don yana jin Turanci. Ya ce mini aikin shekara biyu ya kawo shi, ga shi furfura ta cinye kansa a nan. Auren 'yarsa ma a waya ya kalla, yana tsaye a bakin inji. Na ce to me ya hana shi komawa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce baɗi. Awad ya raɗa wa tafinta cewa tun yana yaron mota yake jin wannan baɗin. Shi Ba'indiyen ne wata rana ya nuna mini gindin wata darbejiya a bakin ƙofa, ya ce, "Je ka sha shayi can, mutanenku ne."

Mace ce mai kimanin shekaru hamsin zaune kan kujerar tsuguno, gabanta gawayi da butoci da kwalabe na kayan ƙamshi. Na nuna shayi da yatsa kamar yadda na saba yi a garin. Na kurɓa da gaggawa ya ƙona ni, na ce, "Wash!"

Ta ce, "Sannu ɗan'uwa. Bi a hankali, ba guduwa zai yi ba."

Saura kaɗan kofin ya suɓuce mini. Hausa ce tsantsa, irin ta tsofaffi, sai dai nan da can Larabci ya shigo mata. Sunanta Hawwa. A nan aka haife ta, ba ta taɓa taka Nijeriya ba, amma ta ce su Katsinawa ne. Ta tambaye ni gari, na ce Funtua. Ta ajiye cokali.

"Funtua ta kusa da Malumfashi?"

Na ce ita.

"Ka san Musawa?"

Na ce na sha cin kasuwarta.

Sa'an nan ta ce, "Malam, don girman Allah, sai ka zo ka ga Habboba." Habboba ita ce kaka a bakin mutanen can, kuma haka kowa ke kiran mahaifiyarta.

Ranar Juma'a bayan masallaci Awad ya kai ni. Ƙauye ne na Hausawa a bakin babbar hanyar ruwa, gidajen ƙasa, awaki, yara suna wasa da Larabci, manya suna yi musu faɗa da Hausa. Tsohuwar tana kwance kan gadon igiya, ta ƙanƙance, idanun sun yi fari. Da aka ce mata ga mutumin Funtua, ta laluba ta kama hannuna da nata biyu, ba ta sake shi ba har na tashi. Ta tambaye ni damina. Ta tambaya ko har yanzu ana kai daddawa kasuwar Musawa a cikin ƙwarya. Ta tambayi wasu mutane da ban taɓa jin su ba, na ce ban san su ba, ta ce ai kuwa sanannu ne.

Sannu a hankali labarin ya fito, rabi daga bakinta, rabi daga bakin Hawwa. Habboba tana amarya mai haihuwa ɗaya mijinta Idi ya ɗaura niyyar aikin hajji ta ƙasa, yadda ake yi a da, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babbar mota. Yaron an yaye shi ke nan, an kai shi ɗakin kakarsa, uwar Idi, kamar yadda aka saba. Kakar ta ce hanya ba ta yaro ba ce, a bar mata shi, ai shekara biyu kamar gobe ne. Suka taho. Guzuri ya ƙare a nan, suka tsaya tsintar auduga don su ƙara. Ciki ya zo. Idi ya kwanta ciwo, ya tashi, wani cikin ya zo. Makka ba a je ba, gida ba a koma ba. Sun ba da sallahu ta hannun matafiya, babu amsar da ta taɓa dawowa. Idi ya rasu a nan, an binne shi bayan hanyar ruwa.

Hawwa ta ce, "Muna da yaya a can, Malam. In yana raye yanzu dattijo ne. Ita dai burinta a gaya masa tana nan, ba jefar da shi ta yi ba."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, babur gare ni, kuma yankin a tafin hannuna yake. Na tambayi ƙauyen, aka ce Unguwar Ɗorawa, tafiyar rabin yini daga Musawa. Na ce to, mene ne sunansa?

Tsohuwar ta kau da fuska ga bango, irin kawar da na sani tun ina yaro.

Hawwa ta ce a hankali, "Ba mu sani ba. Baba bai taɓa faɗa ba har ya rasu, ɗansa ne na fari shi ma. Ita kuma ka gani. Na-gida muke ce masa."

Na ce to sunan wa aka sa masa? Tsohuwar ta ce sunan uban Idi ne. Surukinta ke nan, wanda shi ma bakinta ba zai kama sunansa ba. 'Ya'yan kuwa ba su san kakan nasu da wani suna ba sai Malam.

Wallahi sai na ji tsohon haushin nan na gaban wutar Iya ya taso mini har wuya. Na manta ni baƙo ne. Na ce, "Habboba, ki gafarce ni, amma ba a neman mutum da wancan. Idi nawa ne a ƙasar Katsina? Ɗorawa nawa ce? Shekara sittin kina jiran wanda zai je, ga shi Allah ya kawo ni har ɗakinki. Kunyar wa kike ji? Surukin yana ƙasa, mijin yana ƙasa."

Hawwa ta zaro ido. Ni ma da na ji abin da ya fito daga bakina na so ƙasa ta tsage. Tsohuwar ba ta yi fushi ba. Ta matsa hannuna ta ce, "Kana da zafi, ɗan nan. Yaushe za ku tashi?" Na gaya mata. Ta ce, "Ka biyo ranar. Ka bar ni in shirya."

Ranar tafiya da hantsi muka biya, kayanmu a bayan mota, abokan tafiyata suna ta duba agogo. Na tarar an yi mata wanka, ta sa farin mayafi, tana zaune ba a kwance ba. Ta sa aka kori jikoki. Ta ce da Hawwa ita ma ta fita ta saki labule, ta tafi can bakin murhu inda ba za ta ji ba. Sa'an nan ta ja mayafin ta rufe fuska har haɓa, ta ce, "Matso da kunnenka."

Na durƙusa na kai kunnena daidai bakinta. Ina jin numfashinta ta cikin mayafi. Leɓunanta suna motsi, ina jira. Na ji ta ja numfashi kamar mai shirin ɗaga kaya, ta sake shi babu komai. Na ce a raina kunya ce, bari in yi haƙuri ko sau ɗaya a rayuwata. Aka daɗe.

Can sai ta ce, da wata ƙaramar murya, "Ɗan nan, ya tafi."

Na ce, "Wa ya tafi?"

"Sunan." Ta yaye mayafin da kanta, fararen idanun suna yawo a ɗakin. "Yana nan fa. Kullum yana nan, ina taɓa shi in na idar da salla. Na zo ɗauka yanzu, babu."

Na ce kada ta damu, ni zan faɗa, ita ta gyaɗa kai kawai. Na fara da Muhammadu. Na bi Abubakar, Umaru, Usmanu, Aliyu. Na shiga sunayen annabawa. Na bi sunayen manoman da nake raba wa iri, ƙauye bayan ƙauye. Da na ce Haruna ta ce, "Sake faɗa." Na sake, ta ce kamar shi ne. Amma da na zo kan Isiyaku ta ce kamar shi ne, kan Yakubu ma haka. Daga nan ta daina amsawa. Hawaye kawai ke bin kwarin fuskarta, babu sauti, tana ta murza yatsuna kamar sunan yana cikinsu.

Awad yana ta danna oda a waje. Ni da na yi karatu, na hau jirgi, na zo da waya mai iya kiran ko'ina a duniya, ina durƙushe gaban tsohuwa ba ni da abin da zan yi mata. Ban taɓa jin kaina ba ni da amfani kamar ranar ba. Na ce mata zan nema, in sha Allahu zan same shi. Na karɓi lambar Hawwa. Tsohuwar ta ce, "In ya dawo mini zan sa ta kira ka." Da ƙyar Hawwa ta ɓanɓare yatsunta daga hannuna.

A cikin jirgi Iya Kande na yi ta tunani. Ina yaro na ɗauka tatsuniyar dutse wa'azi ce a kan kunya, ana koya mana cewa uwar ta yi daidai. Da na girma na ɗauka shirme ne na mutanen da. Yanzu ban san ko ɗaya ba. Abin da na tuna shi ne, Iya ta fi ba da ita a lokutan da mahaifina ya bi motar masara zuwa kudu ya daɗe ba labari. Ta kira sunan kowannenmu da ƙarfi, mu fito muna dariya, sa'an nan ta tsaya kan wanda ba za ta iya kira ba. Mu muna jin haushin matar cikin labari, ashe matar tana gabanmu tana jefa totuwa a wuta. Ta ce abu mai tsada ba a yawo da shi a baki, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da ba ta gaya mana ba, wataƙila don ita ma ba ta sani ba, shi ne abin da kowane manomi ya sani game da iri: in ka ɓoye shi a rumbu shekara da shekaru don tsananin so, ranar da ka buɗe za ka tarar ƙwari sun mai da shi gari.

Na dawo na fara nema. Da farko muna waya da Hawwa, kullum amsa ɗaya, sunan bai dawo ba, jikin Habboba sai a hankali. Ba a yi watanni da yawa ba yaƙi ya ɓarke a ƙasar. Wata rana na kira, lambar ba ta shiga ba. Na kira ta Awad, ita ma haka. Ba'indiyen ban ma karɓi tasa ba. Na ji a rediyo cewa faɗan ya kai garin da muka zauna, mutane sun watse.

Ban daina ba, don na riga na ce zan yi. Duk ranar da ba ni da aiki sai in hau babur. Unguwar Ɗorawa kuwa ba ɗaya ba ce, ba biyu ba. Wata na tarar babu wanda ya haura shekara hamsin a cikinta. Wata kuma kufai ce, 'yan bindiga sun tashe ta, rumbuna a buɗe, ciyawa ta cinye masallaci. Na tsaya a tsakiyarta ni kaɗai, ko wanda zan yi wa sallama babu. Mutane suka fara yi mini kallon mai taɓin hankali, malamin gona yana yawo yana tambayar wani tsoho ɗan Idi wanda bai san sunansa ba. Matata ma ta ce in rufa wa kaina asiri da hanyoyin nan.

Wata ranar kasuwar Musawa, wani mai facin taya da na gaya wa labarin ya ce in je rumfar masu igiya, akwai wani dattijo da aka ce iyayensa sun tafi gabas ba su dawo ba. Na same shi yana tufka, siriri, gemunsa fari fat, ƙafarsa ɗaya a miƙe ya maƙale igiyar a babban yatsa. Na yi sallama na tsuguna. Sunansa Malam Zakari. Na tsaya ina lalube a kaina ko na ambaci Zakari a ɗakin Habboba. Wallahi ban sani ba.

Wani abin ya dace, wani bai dace ba. Sunan ubansa Idi. Kakarsa ce ta rene shi, amma ta tashi da shi daga ƙauyensu tun bai yi wayo ba, bai riƙe sunan wurin ba. Sunan uwarsa bai taɓa ji ba, kakar Amarya kawai take ce mata. Sai dai ya ce yana tuna ranar tafiyar, yana tuna ƙurar motar da kukan da ya yi, alhali Habboba ta ce yaye aka yi ke nan. Ko tunawa yake, ko ba shi labari aka yi har ya zama nasa, shi ma ba zai iya rantsuwa ba.

Na ba shi labarin duka, gadon igiya, hanyar ruwa, kabarin Idi, ƙannen da ke ce masa Na-gida in shi ne. Abin da ya faru bayan an saki labule ne kaɗai ban kai gare shi ba. Ya daina tufka tun da na fara.

Ya ce, "Malam, da ta aiko ka, wa ta ce ka nema? Ta faɗi sunana?"

Mutumin da ya haura sittin, mai jikoki, ya zuba mini ido kamar yaro a bakin ƙofa. Na so in ce e. Kalma ɗaya ce, babu wanda zai ƙaryata ni. Bakina ya ƙi.

Na ce, "Ba ta faɗa ba, Baba."

Sai na ga fuskarsa tana washewa sannu a hankali, har ya yi 'yar dariya, hawaye na sauka cikin gemun.

"To ita ce," in ji shi. "Ai ni ne na fari. Da ta faɗa, da ba ita ba ce."

Ya juya ya gaya wa maƙwabcin rumfarsa cewa uwarsa tana da rai, tana Sudan. Ya zaɓo igiyar da ta fi kyau ya tura mini, ya ce ba sayarwa ba ce. Sa'an nan ya kama hannuna ya ce in kira masa ita yanzu, ko ba za ta yi magana ba, shi zai yi, ta ji kawai.

Na ciro wayar na danna lambar Hawwa a gabansa, na sa a kunne. Ya gyara hularsa, ya share fuska da hannun riga, ya matso kusa yana jira.